Neman shawara: saura shekara ɗaya masu tantancewar IB su dawo, malamanmu kuwa sun watse

Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Ina neman shawararku, don abin ya fara hana ni barci.

Makarantarmu ta samu amincewar IB (International Baccalaureate, hukumar ilimi ta ƙasa da ƙasa mai tsara manhaja da tantance makarantu) shekara huɗu da suka wuce, muna koyar da manhajar MYP ta yara 'yan shekara 11 zuwa 16. Kun san ƙa'idarsu, duk shekara biyar sai sun dawo sun duba ko har yanzu ana kan turba. To malamar da ta yi ɗawainiyar samo amincewar ta ajiye aiki, aka ɗora ni a kujerar kodineta, wato mai kula da tafiyar da MYP a makarantar, wata uku da suka wuce. Da na buɗe kabad ɗinta, fayil ne har sama, amma tun shekarar da aka ba mu shaida ba wanda ya ƙara ko takarda ɗaya. Cikin malaman da aka tura bita a lokacin, biyu kaɗai suka rage. Mai makaranta ya ce kada in damu, idan lokaci ya matso sai a zauna sati biyu a gyara takardu. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Ta ina zan fara? Kuma makarantun da suka daɗe da wannan amincewa, yaya suke yi ba ta suɓuce musu ba?

Wata Hajiya, tsohuwar kodineta, ta ce:

Wa alaikumus salam Malama. Maganar sati biyun nan ki cire ta daga ranki. Waɗanda ke zuwa malamai ne irinmu, sun san warin takardar da aka rubuta jiya. Kuma ba a ofis suke zama ba. Za su shiga aji, su zauna da iyaye, su zauna da hukumar makaranta, su kira yara su tambaye su yadda ake ba su maki. A MYP kowane darasi yana da ma'auni huɗu, kowanne makinsa ya tsaya a 8. Idan yaro ya ce shi dai ya san ana ba shi saba'in bisa ɗari, shi ke nan, asiri ya tonu, komai kyan fayil ɗinki.

Ki fara da mutane kafin takarda. Rukunin darussan MYP takwas ne, kuma ana son a kowane rukuni a samu aƙalla malami ɗaya da ya halarci bitar da IB ta amince da ita, haka ke da shugaban makaranta, ku ma sai kun halarta. Ki ɗauki takarda yau ki jera rukunan takwas, ki rubuta sunan mai shaidar bita a gaban kowanne. Inda kika ga fili, can ne aikinki na farko. Sannan ki duba jadawali: kowane rukuni yana samun aƙalla sa'a 50 a shekara? Akwai lokacin da aka ware wa malamai su zauna su tsara darasi tare, ko kuwa a tsaye ake yi a bakin ƙofar aji? Wannan zaman shi ne abin da ke fara mutuwa a makarantu bayan an gama murnar samun shaida.

Bayan nan sai manufofin da ke rubuce, ta harshe, ta auna ƙwazo, ta gaskiya a aikin ɗalibi, ta kula da masu buƙata ta musamman da ta ɗaukar ɗalibai. Kada ki kulle kanki a ɗaki ki sake rubuta su. Ki raba wa malamai, a karanta, a yi gardama, a rubuta ranar da aka yi zaman. Ki kuma lura IB ta sabunta kundin ƙa'idojinta a 2020, ki tabbata ba tsohon kike aiki da shi ba.

Rahoton duba kai da za ku cike kuwa, wato wanda makaranta ke auna kanta a ciki kafin masu tantancewa su zo, ki faɗi gaskiya a ciki. Idan kun gaza a wani wuri, su kan rubuta abin da za a gyara su ba da wa'adi. Ɓoyewa ce ke ɓata musu rai.

Wani jami'in jarabawa ya ce:

Mu manhaja da jarabawar Cambridge ta Birtaniya muke yi, ba IB ba, namu ya sha bamban. Su kan iya turo mai duba ba sanarwa a lokacin jarabawa, ya duba inda ake kulle takardun tambaya da tazarar kujeru. Shi ya sa ba mu san wani abu wai shi shirin baƙi ba, kullum a shirye muke.

Wani shugaban makaranta ya ce:

Malama, Hajiya ta faɗi gaskiya, amma ni ina ganin matsalarki ba a kabad take ba, tana ofishin mai makaranta. Kuɗin rajistar shekara da na bita dole su zama layi tabbatacce a kasafi, kamar albashi, don malamai ba za su daina tafiya ba. Duk wanda kika horar, wata makaranta na jiransa. Mu abin da muke yi, wanda ya dawo daga bita sai ya koyar da sauran, kuma duk tsarin darasinsa yana ajiye a rumbun makaranta na intanet, ba a kwamfutarsa ba. Kodineta ma tana da mataimaki da ya san komai. Idan kuna da niyyar neman amincewar CIS (Council of International Schools, wata ƙungiya mai tantance makarantu) nan gaba, ita ma zagayen shekara biyar ne, amma makarantar gaba ɗaya take dubawa: shugabanci, kuɗi, da kare yara daga cutarwa. Kada ku haɗa biyu yanzu.

Wata uwa ta ce:

Ni ba malama ba ce, amma don Allah ku riƙa sanar da mu iyaye. Saboda wannan shaidar muka kawo 'ya'yanmu.

Mai tambaya ta dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na jera rukunan kamar yadda Hajiya ta ce, biyar babu suna a gabansu. Gobe da safe zan shiga wurin mai makaranta da takardar a hannuna. Malam shugaban makaranta, yaya kuka shawo kan mai makarantarku har ya yarda ya sa kuɗin bita a kasafi?