Zaman gida ɗaya da wanda addininku ko aƙidarku ta bambanta: me kuka gani da idonku?

Mai gidan haya, Mabera

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani ma'aikacin jinya Kirista, ɗan asalin Zuru, ya nemi in ba shi hayar ciki da falo a gidana tare da iyalinsa, amma wasu daga cikin masu hayar da ke ciki sun aiko mini cewa idan ya shigo su za su tashi. Ban ga wani aibu a tare da mutumin ba, kuma ba na son in zalunce shi, haka nan ba na son in ɓata da mutanen da muka daɗe tare. Ina roƙon duk wanda ya taɓa irin wannan zama a Sakkwato ya faɗi abin da ya faru da shi, domin labarin majalisa na ji shi har na gaji.

Uwargida, Runjin Sambo

Wa alaikumus salam Alhaji. Mun yi shekaru muna tsakar gida ɗaya da wata mata Kirista da mijinta, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. A azuminmu na farko tare, ba tare da kowa ya ce mata uffan ba, ta ɗauke rishonta daga tsakar gida ta mayar da shi ɗaki, don kada ƙamshin girkinta ya dame mu da rana, alhali kowa ya san zafin Sakkwato da abin da ake ji idan an kunna wuta a cikin ɗaki. Da na lura sai na same ta na ce ta dawo da girkinta waje, domin azumin namu ne, ba a ɗora mata shi ba. Idan Kirsimeti ta zo, takan sayo kaji ta kira maigidana ya yanka, saboda ta san sai da haka za mu ci abin da ta aiko.

Ba zan ɓoye cewa akwai wurin da muka saɓa ba. Waƙoƙin da suke yi da sassafe ranar Lahadi sun dame ni, musamman da na ji ƙaramar 'yata tana maimaita su. Na yi mata magana a tsanake, ta rage sauti, ni kuma na ƙara tsayawa a kan karatun yarinyar, tunda tarbiyyarta a wuyana take. A watan Mayu na 2022, lokacin da aka kashe ɗalibar nan Kirista, Deborah Samuel, bisa zargin ɓatanci ga Annabi, aka kuma sa dokar hana fita a cikin gari, ita da 'ya'yanta a ɗakina suka kwana, maigidana da wani dattijo maƙwabcinmu suka shimfiɗa tabarma a bakin zaure har gari ya waye. Ban manta yadda hannunta yake rawa ba da na miƙa mata kofin kunu.

Malamin Islamiyya, Gidan Igwai

Allah ya saka wa Hajiya da alheri. Abin da ta yi yana da tushe, domin aya ta 256 a Suratul Baƙara ta kore tilas a cikin addini, aya ta 8 a Suratul Mumtahana kuma ba ta hana kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu ba, sannan hadisan haƙƙin maƙwabci ba su ware Musulmi kaɗai ba.

Ni tawa jarrabawar a gidan gado ta same ni, tsakanina da yayana uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifinmu ɗan Tijjaniyya ne, yayana ya bi sahunsa, ni kuma na shiga Izala tun ina saurayi. Tun da aka kafa ƙungiyar a Jos a 1978, gidaje da yawa a ƙasar Hausa sun ga irin wannan rabuwar kai, kuma a garin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda Baƙadire ne, yake kwance a Hubbare, maganar ɗariƙa ba ƙaramar magana ba ce. Akwai lokacin da ko gaisuwa ta gagara a tsakaninmu saboda shimfiɗa farin ƙyalle da wazifa a zauren gida. Innarmu ce ta tara mu ta ce duk wanda ya sake ɗaga wa ɗan'uwansa murya a kan ibada, kada ya zo gaishe ta. Yanzu shi yana wazifarsa bayan Magariba, ni ina karantarwa bayan Asuba a zaure guda; har gobe ina ganin hujjata ta fi tasa ƙarfi, shi ma haka yake gani, amma 'ya'yanmu a kwano ɗaya suke cin tuwo.

Malamin sakandare, Arkilla

Ni Kirista ne, a Sakkwato aka haife ni, kuma Hausa ce harshen da muke yi a gida. Abin da ya fi yi mini ciwo a neman haya shi ne a gama ciniki da dillali, a ji sunana, sai a ce ai an riga an ba da ɗakin. Wanda ya karɓe ni daga ƙarshe wani tsohon ɗan kasuwa ne, da ya ce mini sharaɗinsa shi ne kada giya ta shigo masa gida kuma kada a yi hayaniya bayan Isha, sharaɗin da ya gindaya wa kowa. Matata takan yafa mayafi idan za ta fita don ganin damarta, kuma babu wanda ya taɓa tsayar da mu idan za mu coci. Alhaji, mutumin nan da ke ƙofarka ya riga ya san ana shawara a kansa, kuma jiran yana da nauyi.

Ɗan kasuwa, Tsohuwar Kasuwa

Ku yi haƙuri, ni tawa ba ta yi daɗi ba. Na taɓa zama da wani da addininmu ya bambanta, wanda yake tara abokai suna shaye-shaye a tsakar gida a gaban mata da yara, sai da mai unguwa ya shiga maganar kafin ya tashi. Saboda haka ban ga laifin masu hayar da suke ɗari-ɗari ba.

Lauya, Gawon Nama

Damuwarka gaskiya ce Malam, amma hali ne ya kore mutumin, kuma a aikina na ga masu haya Musulmi da aka tasa saboda irin wannan. Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin riƙe addininsa, da sauya shi, da yin ibada shi kaɗai ko cikin jama'a. Sashe na 42, wanda ya hana nuna bambanci, ya fi fuskantar dokoki da ayyukan hukuma, don haka ba zan ce wa Alhaji kotu za ta tilasta masa ba da ɗakinsa ba. Abin da nake yi wa masu gidaje shi ne yarjejeniya a rubuce, wadda ta ambaci giya, da sauti, da lokacin kulle ƙofa, da juyin share tsakar gida da kuɗin ruwa, kowa ya sa hannu a gaban mai unguwa, tsohon ɗan haya da sabo. Idan aka karanta wa masu hayar wannan takarda suka ce duk da haka ba su yarda ba, sai Alhaji ya nemi su faɗi a gabansa abin da ya rage musu na ƙorafi.