Laba da niwton ne kaɗai suka kashe kumbon Mars na 1999?

Malam Habu: Assalamu alaikum. Kumbon Mars Climate Orbiter na hukumar NASA ya tashi ranar 11 ga Disamba 1998, ya yi wata tara da 'yan kwanaki a hanya, ya ɓace ranar 23 ga Satumba 1999, daidai lokacin da zai shiga falakin duniyar Mars, wato hanyar da zai riƙa bi yana zagaya ta. A ganina abu ɗaya tak ya kashe shi, saɓanin ma'auni. Manhajar da kamfanin Lockheed Martin ya rubuta tana fitar da ƙarfin tunkuɗar ƙananan injinan kumbon da ma'aunin laba, masu lissafin hanya na JPL kuwa, cibiyar NASA da ke jagorantar tafiyar kumbon, suna ɗaukar lambobin a matsayin niwton, wanda shi ma ma'aunin ƙarfi ne. Laba ɗaya ta ƙarfi niwton 4.45 ce. Kamar a riƙa auna hatsi da tiya ne, mai littafi yana rubuta mudu. Yarjejeniyar aikin a rubuce take, niwton aka ce. Da an bi ta, da kumbon ya shiga falaki lafiya. Duk sauran dalilan da ake kawowa rassa ne.

Injiniya Zainab: Wa alaikumus salam Malam. Lambarka daidai ce, amma hukuncin ne ban yarda da shi ba. Kafin a kama laba da laifi, a fara tambayar me ya sa ƙananan injinan nan suke ta tashi. Kumbon farantin sola ɗaya gare shi, a gefe guda. Hasken rana yana da ɗan matsi, kaɗan ƙwarai, amma dare da rana yana tura wannan gefen, yana neman murɗa kumbon. A cikinsa akwai faya-fayai masu juyawa waɗanda ke shanye murɗar, gudunsu yana ta ƙaruwa har su kusa kai maƙura. Sai a kunna ƙananan injina a sauke musu gudun. Duk kunnawar da aka yi kuma tana ɗan ture kumbon daga hanyarsa, shi ya sa ake rubuta ƙarfinta a fayil a miƙa wa masu lissafi. To tun farko masu lissafin sun ɗauka za a riƙa juya kumbon digiri 180 kullum don matsin yau ya soke na jiya. Aka fasa wannan shiri, ba a sanar da su ba. Kunnawar ta ninka abin da suka zata sau 10 zuwa 14. Da sau kaɗan aka kunna, da kuskuren 4.45 bai taru ya kai inda ya kai ba.

Malam Habu: Hajiya, ai kin ƙarfafa maganata ne. Ko sau dubu aka kunna, in fayil ɗin da niwton yake fita, lissafi zai kama kowace tunkuɗa daidai. Kwamfutar cikin kumbon ma da niwton take nata lissafin, ba ta yi kuskure ba. Manhajar ƙasa, wato wadda ke aiki a nan duniya, ita ce kaɗai ta kauce.

Sa'idu: Don Allah a yi mini afuwa in katse manya. Ba kullum ake bibiyar kumbon da manyan farantai na rediyo ba? Ta yaya zai kauce har wata tara ba a gani ba?

Malam Garba: Tambayarka ce gindin maganar, ƙanena. Tashoshin bibiya uku ne: Goldstone a jihar Kalifoniya, ɗaya kusa da Madrid a Sifen, ɗaya kusa da Kanbera a Ostireliya. Abu biyu suke aunawa. Na farko nisa, daga tsawon lokacin da sigina ke ɗauka ya je ya dawo. Na biyu gudu, daga yadda muryar siginar ke sauyawa, kamar yadda ƙahon mota ke sauya amo in ta taho da in ta wuce ka. Duka biyun suna ganin motsin da ke kan layin da ya miƙe daga nan zuwa kumbon ne kawai. Mutumin da ke tahowa gare ka daga nesa a fili, kana iya gane yana matsowa, amma in ya gusa taku ɗaya hagu da ƙyar ka lura. Mafi yawan tunkuɗar nan a kaikaice take da layin, wato ta ɓangaren da awon ya fi rauni. Can masu lissafi suka dogara da fayil, fayil ɗin kuma yana rage ƙarfin sau huɗu da rabi.

Duk da haka an ga alama. Wata huɗun farko ba a ma yi amfani da fayilolin ba saboda tsarinsu ya zo a hargitse, da imel ake sanar da masu lissafi an kunna injina. Da aka gyara a watan Afrilu 1999, ba a daɗe ba aka lura lambobi ba sa haɗuwa. Daga baya kuma lissafin da aka yi da awon gudu kaɗai ya riƙa nuna kumbon zai fi kusantar Mars fiye da yadda sauran lissafin ke nunawa. Akwai tsarin da aka tanada na shigar da rahoton duk abin da ya saɓa, wanda ba a rufe shi sai an gano dalili. Ba a bi ta nan ba, aka riƙa maganar ta imel.

Injiniya Zainab: Nan nake so Malam Habu ya tsaya. Babu manhajar da ake rubutawa ba kuskure. Saboda haka ne ake gwada ta daga farko har ƙarshe: a ɗauki kunnawa ɗaya, a lissafa ƙarfinta da hannu daga bayanan injin, a kwatanta da abin da fayil ya fitar. Bambancin ninki huɗu da rabi ba ya ɓuya a irin wannan gwaji. Kwamitin binciken da Arthur Stephenson ya jagoranta bai ga alamar an yi wa manhajar nan cikakken gwaji irin wannan ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Malam Habu: Wannan kwamitin dai, a rahotonsa na 10 ga Nuwamba 1999, ya raba abin gida biyu. Tushen dalili ɗaya ya ambata, rashin amfani da tsarin awo na mita, wanda niwton ke cikinsa, a manhajar ƙasa. Sauran guda takwas ya kira su abubuwan da suka taimaka. Ban ƙirƙiri rabon ba.

Malam Garba: Haka ne, ranka ya daɗe, amma dubi mako na ƙarshe da lambobinsa. An yi gyaran hanya na huɗu ranar 15 ga Satumba, da nufin kumbon ya wuce kilomita 226 sama da doron Mars. Cikin kwanakin da suka biyo baya lissafi ya sauko zuwa tsakanin 150 da 170. A awa 24 na ƙarshe jan Mars ya fara kama kumbon sosai, a nan ne awon gudu ke ƙara kaifi, domin yadda duniyar ke lanƙwasa hanyar kumbo yana tona ainihin inda yake. Saura kamar awa ɗaya lissafi ya ce 110. Mafi ƙarancin tsayin da aka yi imani kumbon zai jure shi ne 80. Lamba ce da ke gangarowa gefe ɗaya ba ta tsayawa: 226, 170, 150, 110. In kuskuren awo ne na yau da kullum, zai yi sama ya yi ƙasa. In ya miƙe hanya ɗaya, akwai wani ƙarfi da ba a saka cikin lissafi ba. A jadawalin aikin akwai gurbin gyaran hanya na biyar, na gaggawa, wanda zai ɗaga kumbon. An tattauna shi da baki, ba a yi ba.

Sa'idu: Me ya hana, Malam? Ina ce ɗan kunna injin ne kawai?

Malam Habu: Ba haka kawai ba ne, kuma a nan ina kare waɗanda suka ƙi. Umarnin shiga falaki an riga an loda shi a kwamfutar kumbon, shi zai gudanar da kansa, domin sigina na ɗaukar fiye da minti goma kafin ya isa. Jerin aiki ne a ɗaure: a naɗe farantin sola, a juya kumbon bakin injinsa ya fuskanci inda ya dosa, a buɗe bawul-bawul na matse tankunan mai, sannan babban injin ya kama na kimanin minti 16 yana taka birki har jan Mars ya riƙe shi. In birkin ya gaza, kumbo ya wuce ke nan, babu dawowa. Cusa sabon umarnin da ba a gwada ba a gaban wannan jeri shi ma kasada ne. Kuma lissafin da ke hannunsu, ko 110 ɗin, yana sama da 80. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Injiniya Zainab: To me ya sa ba a gwada shi tun da wuri ba? Matakin gaggawa ana shirya shi watanni kafin ranar: a rubuta umarnin, a gwada a na'urar kwaikwayo, a ƙayyade lambar da in an kai ta za a aiwatar ba tare da jayayya ba, a faɗi wanda ke da ikon cewa a yi. Binciken ya tarar ba a kammala nazari da gwaji da ƙa'idojin da za su ba da damar yin gyaran na biyar ba. Ga ƙarancin ma'aikata, masu lissafin hanya na kula da kumbo fiye da ɗaya a lokaci guda, har da Mars Global Surveyor da ya riga ya isa Mars, da Mars Polar Lander da ke biye a hanya. Zamanin Daniel Goldin ne a shugabancin NASA, lokacin manufar a yi da sauri, da inganci, da araha. Laba ba ta rage ma'aikata ba, ba ta hana gwaji ba.

Malam Garba: Abin da ya faru ranar kuwa, injin ya kama a kan lokaci, wajen ƙarfe tara na safe agogon GMT. Bayan kamar minti huɗu kumbon ya shige bayan Mars, sigina ya yanke daƙiƙa 49 kafin lokacin da aka lissafa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna ya yi ƙasa da yawa. An sa ran jin sa bayan minti 21, shiru. Da aka gano ninkin 4.45 ranar 29 ga Satumba aka sake lissafi, sai ga kilomita 57. A wannan tsayin iskar Mars, duk da rashin kaurinta, ta fi ƙarfin kumbon da ba a yi masa garkuwar zafi ba. Da ma an shirya zai yi amfani da iskar ne, amma a hankali, a can sama, yana shafar gefenta zagaye bayan zagaye tsawon makonni har falakinsa ya tsuke.

Malam Habu: Na karɓi batun gwaji, wannan ba shi da kariya. Amma kilomita 169 da ke tsakanin 226 da 57 daga wuri ɗaya suka fito, kuma da aka gyara lambar nan ɗaya lissafi ya faɗa daidai kan abin da ya faru. Ban ga yadda za a kira shi reshe ba.

Injiniya Zainab: Ban kira shi reshe ba, Malam. Dubi dai abin da aka sauya bayan nan. Ba a tsaya kan cewa kowa ya rubuta niwton ba. A kan Mars Odyssey, wanda ya shiga falaki lafiya a Oktoban 2001, an ƙara awo na uku: tashoshi biyu masu nisa da juna, kamar Goldstone da Kanbera, su saurari kumbon a lokaci guda, su auna bambancin isowar siginar, sannan su juya su saurari wani abu mai nisan gaske a sararin sama da ke fitar da siginar rediyo, wanda aka san matsayinsa, su kwatanta. Wannan yana ba da matsayin kumbo ta gefe kai tsaye, ɓangaren da nisa da gudu ba sa gani, ko fayil ɗin injina ya faɗi gaskiya ko bai faɗa ba.

Sa'idu: Malam Garba, da an yi wannan awon na uku a 1999, a wane wata za a iya ganin kaucewar?

Malam Garba: Ya dogara da yawan awon, domin kaucewar a hankali ta taru. Abin da ake bukata shi ne a gan ta kafin 8 ga Satumba, ranar da aka lissafa gyaran hanya na huɗu, don gyaran ya tafi da ita gaba ɗaya.