Da wane ma'auni za a auna al'adar Hausawa a cikin fim?

Ɗalibar Samaru:

Assalamu alaikum. Ina karatun digiri na biyu a nan Samaru, Zariya, kuma binciken da na ɗauka ya shafi yadda finafinai ke nuna al'ada da zamantakewar Hausawa. Tambayar ta fara damuna ne tun 2021, lokacin da aka saki fim ɗin Amina, labarin Sarauniya Amina ta Zazzau, a Netflix muka zauna kallo tare da kakata, wadda aka haifa a cikin ganuwa kusa da Ƙofar Gayan. An kashe kuɗi wajen dawaki da sutura da takubba, amma da yake akasarin maganar da Turanci ake yin ta, ba a yi nisa ba ta tashi tana cewa ita ba ta ga Bazazzagiya a ciki ba. Su kuwa finafinan Kano da ake yi da Hausa zalla, dattawa na cewa su ma ba al'adarmu ba ce saboda rawa da waƙa. To, malamai, idan sutura ba ta wadatar ba, harshe ma bai wadatar ba, da me mai nazari zai auna?

Tsohon Malami, Tudun Wada:

Wa alaikumus salam, 'yata. Kakarki ta riga ta ba ki rabin amsa, domin ina kyautata zaton ba Turancin kaɗai ya kore ta ba. Babbar riga da rawani da alkyabba abubuwa ne da kowa zai iya arowa ya sanya wa ɗan wasa, amma yadda mutum ke zama da mutane ba a aronsa.

Shawarata ita ce ki mayar da hankali kan alkunya. Ki duba ko uwa tana kiran sunan ɗanta na fari gatsau, ko suruki yana cin abinci a gaban surukarsa, ko baƙo namiji yana wuce zaure ya faɗa tsakar gida ba tare da an yi masa iso ba. Ki saurari tsawon gaisuwa, da wanda ke fara durƙusawa, da abin da aka bari ba a faɗa ba alhali kowa ya fahimta. Na ga fim da aka shirya a katafaren gida mai bene, da motoci a jere, amma aka kiyaye waɗannan abubuwa har na ji kamar gidanmu ne. Na kuma ga wanda aka ɗauka a ƙauye, ga rumbu ga turmi ga ƙwarya, amma 'ya tana tsaye ƙiƙam tana mayar wa mahaifinta magana ido cikin ido. Idan kina neman abin kwatance, ki nemi Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ki kuma nemi tsofaffin wasannin talabijin na Kaduna da marigayi Ƙasimu Yero, ɗan garin nan, ya fito a cikinsu. Ki lura da yadda shiru ke aiki a can.

Ɗan Sabon Gari:

Allah ya gafarta Malam, na yarda da batun alkunya, sai dai ina tsoron kada a mayar da al'ada wani abu da ya tsaya cak a zamanin kakanni. Rawa da waƙar da ake zargi ba daga sama suka faɗo ba. Shekaru da dama kafin a yi Turmin Danya, fim ɗin da ake ɗauka mafarin finafinan bidiyo na Hausa, a Kano a 1990, gidajen silima na Arewa, waɗanda 'yan kasuwa Kwarori suka riƙe da yawansu, sun cika da finafinan Indiya, kuma iyayenmu ne suka yi ta cincirindo a ƙofa. Abin da ya ja su ba ɓoyayye ba ne: auren dole, da kishiya, da biyayya ga iyaye, da soyayyar da ake yi ba tare da taɓa juna ba. Saboda haka matashin da ya taso ya sa waƙa a fim ɗinsa yana nuna wani abu na gaskiya game da Bahaushen birni, ko da abin bai yi wa dattawa daɗi ba.

Akwai kuma hannun hukuma da na kasuwa. Tun da aka kafa hukumar tace finafinai ta Jihar Kano a 2001, mai shirya fim yana rubuta labari ne da tunanin abin da zai wuce tacewa, kuma mun ga yadda aka janye shirin gina dandalin finafinai a Kano a 2016 bayan malamai sun yi ca a kansa. Ke nan abin da ke fitowa a allo sasanci ne tsakanin mai kuɗi da mai tacewa da mai kallo, kuma nazarin da bai yi la'akari da wannan ba zai ɗora wa darakta laifin da ba nasa kaɗai ba ne.

Ɗalibar Samaru:

Na gode, Baba, na gode, Yaya. Amma idan na bi wannan hanya, ba zan wayi gari ina cewa duk abin da aka nuna al'ada ne ba?

Malama daga Ƙofar Doka:

A'a, ƙanwata, ba za ki kai can ba muddin kika ƙara tambaya ɗaya: Bahaushen ina ake nunawa, kuma wa aka bari a waje? Mu Zage-zagi an san mu da cewa “mota ne” da “riga na”, ba mu cika bambanta jinsi a magana ba, amma da wuya ki ji jarumar fim tana magana haka. Kananci ne harshen masu hankali da masoya, sauran karuruwan harshe kuwa sau da yawa sai an zo wajen ban dariya ake tunawa da su. Haka nan da wuya ki ga Maguzawa ko Hausawa Kirista a matsayin mutane masu cikakken labari, duk da cewa Wusasa, inda Hausawa Kirista suka daɗe da zama, na nan kusa da mu. Masu ɗinkin hannu da suka sa rigar Zariya ta yi suna, da mata masu ƙosai da ƙuli-ƙuli da ke riƙe da gidaje daga cikin kulle, su ma sai dai a gan su a bayan fage.

Game da Sarauniya Amina kuwa, ki yi wa masu fim ɗin adalci ta fuska ɗaya: masana tarihi kansu sun saɓa kan ko a ƙarni na 15 ta rayu ko na 16, don haka dole mai labari ya cike giɓi da tunaninsa. Abin da za ki bincika shi ne da me ya cike giɓin, da kayan Turunku da Kufena, tsofaffin matsugunan Zazzau, ne ko da siffar jarumar da ya saba gani a finafinan ƙetare. Da ni ce ke, zan zaɓi finafinai uku kacal daga zamani daban-daban, in ware fage guda na neman aure a kowanne, in koma wurin kakar nan taki da su, in kunna mata, in rubuta daidai inda ta fara ɓata fuska.