Neman shawara: Za a sake yi wa maigidana hoton PET ana tsakiyar kemo, danginsa sun ce ya isa haka

Maman Yara Uku:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman wurin ma'aikatan lafiya da waɗanda suka taɓa jinyar mai cutar kansa. Maigidana aka gano yana da kansar kaluluwa, irin wadda likitoci ke kira Hodgkin. Da kumburin wuya marar zafi abin ya faro, sai zufar dare da rama. Aka yanko kaluluwa ɗaya aka gwada, aka yi masa hotunan cikin jiki na CT da PET, aka ce mataki na uku ne. Yanzu ya gama zagaye biyu na kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, kumburin ya sace, ƙarfinsa na dawowa, alhamdulillah. Sai likita ya ce kafin a ci gaba sai an sake PET.

To a nan aka samu saɓani. Yayansa ya ce hasken na'urorin nan, wato radiyeshon, shi ma cutar kansa yake jawowa, don me za a riƙa tura marar lafiya ciki alhali kowa na ganin sauƙi da idonsa? Hajiyarsu ma ra'ayinta ke nan. Shi maigidan ya yi shiru, ni ce a tsakiya. Don Allah me hoton zai nuna wanda ido bai nuna ba? Illarsa ta kai yadda ake faɗa? Kuma yana da ciwon suga, yana shan metformin, na ji an ce akwai ƙa'ida a kan wannan.

Baban Sadiya:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa kaffara ne. Ni dai ina ganin maganar yayan nasa abin dubawa ce. Tunda MRI an ce ba ta da wannan hasken, me zai hana ki roƙi likita a yi ita a madadin? Kowa ya huta.

Likitan Hoto:
Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya saka miki da alheri kan jinya. Fassara hotunan nan shi ne aikina, bari in yi miki bayani a tsanake.

Mataki na uku a wannan cutar yana nufin an ga kaluluwa masu ciwo a sama da kuma ƙasan tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Ke wuya kawai kike gani. Waɗanda ke tsakiyar ƙirji da bayan hanji babu idon da zai gan su, babu hannun da zai taɓo su. Sacewar wuyan labari ne mai daɗi ƙwarai, amma labarin wuri ɗaya ne.

CT girma da siffa take nunawa: ga ƙulli nan, tsawonsa santimita kaza. Matsalar ita ce a Hodgkin sau da yawa magani yakan kashe cutar amma ƙullin ya tsaya, ya zama tabo kawai, ya yi watanni bai gama narkewa ba. CT za ta nuna miki tulin toka, PET ce za ta ce ko akwai sauran garwashi a ƙarƙashi. Yadda take yi kuwa, tun a shekarun 1920 wani masani Bajamushe, Otto Warburg, ya lura ƙwayoyin kansa sun fi lafiyayyu zuƙar suga nesa ba kusa ba. Shi ne ake yi wa mutum allurar wani suga mai alama, ana ce masa FDG, a jira kamar awa ɗaya, duk inda aka fi zuƙarsa sai ya haska a hoto.

Kuma ba da ka muke cewa ya haska ko bai haska ba. Akwai ma'auni mai hawa biyar da masana suka amince da shi a wani taro a garin Deauville na Faransa a 2009. Muna kwatanta hasken ƙullin da na jinin tsakiyar ƙirji da na hanta. Daga 1 zuwa 3, wato bai wuce hasken hanta ba, galibi ana ɗauka magani ya ci. 4 da 5, ya zarce hanta ko wani sabon wuri ya ɓullo, akwai sauran aiki. In sakamako ya fito ki nemi wannan lambar a takardar.

Abin da nake so ki kai wa yayansa shi ne wannan. An yi wani babban bincike mai suna RATHL, Birtaniya ta jagoranta, aka wallafa a 2016, da marasa lafiya fiye da 1,000 masu Hodgkin da ta yi nisa. Duka an yi musu PET bayan zagaye biyu, daidai inda mijinki yake yanzu. Waɗanda hotonsu ya yi kyau aka raba su biyu: wasu suka ci gaba da magunguna huɗun da aka saba haɗawa, wasu aka cire musu guda, bleomycin, wanda aka san yana taɓa huhu. Bayan shekara uku yawan waɗanda cutar ba ta dawo musu ba kusan ɗaya ne a ɓangarorin biyu, amma waɗanda aka cire wa sun fi tsira daga matsalar huhu. Waɗanda hotonsu ya nuna saura kuma aka ƙara musu ƙarfin magani tun da wuri, ba a jira an ɓata watanni ba. Kin ga hoton nan ko dai ya rage masa wahala, ko ya hana a ci gaba da abin da bai wadatar ba. Ki tambayi likitansa kai tsaye: in hoton ya yi kyau me za ku canza, in bai yi ba me za ku canza? Ina ba kowane majinyaci shawarar ya yi wannan tambayar kafin kowane hoto. Wanda ba zai canza komai ba ana iya ja da shi. Wannan kam yana da amsa.

Maman Yara Uku:
Likita, Allah Ya biya ka. Wallahi babu wanda ya taɓa zaunar da mu ya yi mana bayani haka. To batun illar fa? Nan ne yayansa zai tsaya.

Likitan Hoto:
Ba zan ce miki babu illa ba, don ba gaskiya ba ne. Ana auna hasken radiyeshon da wani ma'auni, mSv. Kowane ɗan Adam yana samun kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama, ko bai taɓa taka asibiti ba. Hoton ƙirji na yau da kullum kusan 0.1 ne. CT na ƙirji wajen 7. PET haɗe da CT yakan kama tsakanin 10 da 25, ya danganta da irin CT ɗin da aka haɗa. Wato kwatankwacin abin da jiki ke tarawa da kansa cikin wasu 'yan shekaru. Haɗarin da ake lissafawa ɗan kaɗan ne, kuma na can gaba ne, shekaru masu yawa. Cutar da ke jikinsa kuwa ta yau ce, kuma Hodgkin tana cikin kansar da aka fi samun warakarta in an bi magani daidai. Damuwar yayansa ta ƙauna ce, a girmama ta, sai dai an ɗora ta a kan ƙaramin haɗari an bar babba.

Malam Baban Sadiya, gaskiyarka, MRI da maganaɗisu take aiki, ba ta da wannan hasken. Ita ce gwana a ƙwaƙwalwa, laka, hanta, mahaifa da ƙarshen hanji. Amma tambayar da ake yi a nan, shin ƙullin na da rai ko tabo ne, a kan PET aka gina ma'auninta, kuma da ita aka yi na farko. Dole a kwatanta iri da iri. Ana ta bincike kan MRI na dukkan jiki, akwai ma na'urorin da suka haɗa PET da MRI, musamman saboda yara, amma ba su maye gurbin wannan ba tukuna.

Anti Nas:
Ƙanwata, ni batun sugan zan kama, don nan mutane ke yin asarar rana. Za a ce ya yi awa huɗu zuwa shida bai ci komai ba, sai ruwa zalla, shi kam ya sha sosai. Ko cingam kada ya tauna. Da ya isa za a soki yatsa a auna suga. In ya haura wajen 11, ko 200 a ɗaya ma'aunin, wurare da yawa ɗage hoton suke yi, saboda sugan jininsa zai yi gogayya da na allurar, hoton ya fito dishi-dishi. Ki lura kuma, cikin magungunan da ake bayarwa tare da kemo don hana amai akwai masu tayar da suga, don haka ki riƙa aunawa kullum daga yanzu, kina rubutawa. In kin ga yana hawa ki kira su tun kafin ranar.

Metformin yana sa hanji ya haska. Wasu wuraren sukan ce a dakatar da shi kwana biyu kafin hoton, wasu ba sa cewa. Kada ki dakatar da kanki, ki kira sashen hoton ki faɗa musu duk abin da yake sha. In za a yi masa allurar ruwan da ke fito da jijiyoyi a CT, za su nemi gwajin ƙoda na kwanan nan, ki tafi da shi. Kada kuma wani ya ba shi shawarar yin insulin da safen don suga ya sauka da sauri, tura sugan allurar zai yi cikin tsoka ya ɓata aikin.

Ummu Hanif:
Allah Ya ba shi lafiya 'yar uwa. Na raka mahaifiyata irin wannan hoton, tata ta mama ce. Abin da zan ƙara, ki tafi masa da rigar sanyi marar zif ko maɓallin ƙarfe. Bayan allurar a wani ɗan ɗaki suke kwantar da mutum shi kaɗai, a rage fitila, a ce kada ya yi magana, kada ya danna waya, kada ya yi ta juyi. Mama mai son hira ce, ma'aikaciyar ta leƙo ta ce Hajiya a yi haƙuri a yi shiru, in kina magana maƙogwaronki zai haska. Sanyi ma haka, wai yana sa wani kitse a wuya da kafaɗa ya ja sugan, ga shi mijinki a wuyan ake dubawa. Sun sa ta yi fitsari dab da shiga. Na'urar ba ta da ƙara irin ta MRI, kwanciya ce kawai ta kamar rabin awa, hannuwa a sama. Riƙe hannun ne ya fi ba ta wuya.

Sannan don Allah in an ba ku faifan hoton kada ku buɗe a gida ku tsorata kanku. Ƙwaƙwalwa da mafitsara da ƙoda, wani lokaci har zuciya, duk haskawa suke yi a jikin kowa.

Ɗalibin Kimiyya:
Ƙarin bayani kaɗan, Hajiya. Alamar da ke jikin sugan nan ba ta daɗewa, duk minti 110 rabin ƙarfinta ke tafiya. Shi ya sa a ranar ake haɗa ta, kuma shi ya sa ba sa son a makara ko kaɗan. Kafin washegari kusan babu abin da ya rage a jikinsa. Masu bincike ma sun duƙufa kan rage yawan abin da ake bayarwa. Masana na jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka, tare da wani kamfani na ƙasar Sin, sun ƙera na'urar PET mai tsawon kusan mita biyu da ke ɗaukar jiki gaba ɗaya a lokaci guda, an fitar da hotunan mutum na farko da ita a 2018. Saboda ƙarfin ganinta ana iya rage allurar sosai ko a gajarta lokacin kwanciya. Ba ta yaɗu ba tukuna, amma can aka dosa.

Baban Sadiya:
Na gamsu, Likita. Sai dai tambaya ɗaya, don na san dangi za su yi ta. In wani wuri ya haska, shi ke nan kansa ce? Kuma haka za a yi ta hoton har ƙarshen rayuwa?

Likitan Hoto:
A'a, Malam. PET masu cin suga take gani, ba kansa kaɗai ba. Tarin fuka yana haskawa sosai, har ya rikita mu. Ƙurji, ciwon haƙori, wurin da aka yi tiyata kwanan nan, hannun da aka yi wa rigakafi, duk suna yi. Allurar ƙara fararen ƙwayoyin jini da ake yi wa wasu masu kemo tana haska ɓargo. Saboda haka 'yar uwa, duk abin da ya same shi a makonnin nan, ko zazzaɓi ko tari, ki faɗa musu a rubuta. Ki kuma tafi da faifan hoton farko, ba takardar sakamakon kaɗai ba, kuma in da hali a yi a wurin da aka yi na farkon. In wani wuri ya haska ana shakka, yanko tsoka a gwada shi ke raba gardama. Ta ɗaya gefen kuma, abin da bai kai rabin santimita ba yana iya ɓuya, shi ya sa ko hoton ya fito fes ba a tsayar da magani, sai an kammala zagayen da aka tsara.

Batun har ƙarshen rayuwa kuwa, a'a. Galibi akwai wani bayan an gama kemo, ana barin aƙalla mako uku, an fi son shida zuwa takwas, don jiki ya lafa. In wannan ya nuna cutar ta kwanta, ƙa'idojin da masana suka fitar a 2014, waɗanda ake kira na Lugano, ba su goyi bayan a riƙa hoto a kai a kai ga wanda ba ya jin komai ba. Zuwa asibiti ne, a duba jiki, a yi gwajin jini, hoto sai in wata alama ta taso.

Maman Yara Uku:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na karanta wa maigidan duka, ya ce zai yi. Na kuma roƙi yayansa ya raka mu ganin likita ya yi tambayoyinsa da bakinsa, ya amince. Saura abu ɗaya Anti, autarmu ba ta kai shekara biyu ba, kuma ba ta yarda da kowa sai babanta. Zai iya ɗaukarta in mun dawo?

Anti Nas:
A ranar dai a ɗan raba su, ƙanwata. Yawancin wurare sukan ce awa shida ko zuwa dare kada ya rungumi ƙaramin yaro ko ya zauna dab da mai juna biyu. Zama a ɗaki ɗaya da ɗan tazara ba komai. Ya yi ta shan ruwa yana fitsari, ya kora bayan gida da kyau, ya wanke hannu. In akwai mai ciki a gidan kada ita ta raka shi. Ki tambaye su adadin awannin da suke bayarwa kafin ku baro, ki nemi wanda zai riƙe miki yarinyar zuwa lokacin. Da safe ya ɗauki abarsa.