Mai zane da ke zaune a Arewa, dole ne sai ya koma Legas kafin a san da shi?

Ɗan Ƙofar Mata:

Assalamu alaikum. Shekara huɗu ke nan da na kammala karatun zane-zane a Zariya na dawo gida Kano, inda na mayar da soron gidanmu wurin aiki. Ina zane ne a kan farin yadi da nake kai wa marina su tsoma mini a baba, sannan in hau kansa da tawada da fenti, ina aron siffofin zayyanar allo da na dagi. A tsawon wannan lokaci, abin da ya ciyar da ni shi ne zana fuskokin amare da na 'yan siyasa, amma aikin da na fi damuwa da shi yana jingine a bango yana shan ƙura. Bara na ba wani direba zane uku a tasha ya kai Legas, ɗaya ya isa katakonsa a karye, wanda ya karɓa kuma cewa ya yi idan na shigo gari in neme shi. Shin akwai wanda ya zauna a nan aikinsa ya kai inda ake so, ko kuwa in haɗa kayana in tafi tun ina da sauran ƙuruciya?

Malam na Samaru:

Wa alaikumus salam, ɗana. Tambayarka ta girme ka, domin tun kafin a haife ka ake yin ta a garin da ka yi karatu. A 1958 ne wasu ɗalibai na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suna masu cewa ba za su bar koyarwar Turawa ta shafe abin da suka gada daga gida ba. Duk wanda ya rubuta tarihin zanen zamani a Nijeriya sai ya bi ta kansu. To amma da suka gama karatu kudu suka nufa, kuma a can sunansu ya fito. Zariya ta yi reno, wasu garuruwa suka ci moriya.

Waɗanda suka zauna kuwa, yawancinsu albashin koyarwa ne ya riƙe su. Jimo Akolo, wanda tsaransu ne, ya shafe fiye da shekara talatin yana koyarwa a Zariya, sai a 2022 wani gidan baje koli a Legas ya tattara ayyukansa na tsawon rayuwa ya nuna wa jama'a, shekara guda kafin rasuwarsa. Gani Odutokun, malamin zane a Zariya wanda ya tarbiyyantar da ɗalibai masu yawa, ya rasu a hatsarin mota a 1995 a hanyarsa ta dawowa daga wani baje koli da aka yi a Legas, kuma har yau idan na ji ana cewa nisa ba wani abu ba ne, shi nake tunawa. Farfesa Jerry Buhari ya zauna a Zariya, an kuma nuna aikinsa a ciki da wajen ƙasar nan, saboda haka zaman yana yiwuwa. Sai dai ka lura, shi ma jami'a ce ta tsaya masa. Idan za ka zauna, ka fara neman abin da zai tsaya maka.

Hajiya 'yar Agege:

Ƙanena, na yi shekaru ina shiga tsakanin masu zane da masu saye a nan Legas, kuma shawarata ita ce kada ka yi gaggawar tarewa. Gaskiya ne kasuwar a nan take: tun 2008 ake gwanjon zane-zane a kai a kai, a 2016 aka fara baje kolin ART X wanda ke tara dillalai daga ƙasashe da dama duk watan Nuwamba, manyan gidajen nuni kuma suna tsakanin Ikoyi da Lekki. Amma kuɗin hayar ɗakin da zai ɗauki yadi mai tsawon mita biyu zai cinye abin da ka sayar, gidan nunin da ya karɓi aikinka kuma yakan ɗauki la'ada da kan kai rabin farashi. Babban abin da za ka rasa shi ne marina. Abin da zai sa dillali ya tsaya a gaban aikinka shi ne wannan shuɗin baban da ba ya gani a hannun ɗaruruwan matasan da ke kawo masa zane iri ɗaya.

Abin da ke kayar da 'yan uwanmu na Arewa a wurinmu ƙananan abubuwa ne. Sai a turo hoton zane da aka ɗauka da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki, babu suna, babu shekara, babu tsawo da faɗi. Ka fitar da aikin inuwa da hantsi ka ɗauke shi, ka rubuta waɗannan bayanai, ka ajiye su wuri guda. Kada ka sake aika zane a kan katakonsa. Ka cire shi, ka naɗe shi fentin yana waje, ka zura cikin bututun roba irin na masu aikin famfo, a nan za a ɗaura shi. Sannan ka riƙa zuwa da kanka sau ɗaya ko biyu a shekara, domin mutanen nan ba sa sayen aikin wanda ba su taɓa gaisawa da shi ba. Fati Abubakar daga Maiduguri ta fara sa hotunan rayuwar yau da kullum ta Borno a Instagram a 2015, har manyan jaridun duniya suka neme ta, ko da yake na yarda hoto ya fi zane sauƙin tafiya ta waya.

Magini daga Jos:

Ina girmama Malam da Hajiya, amma dukansu Legas suke kallo, ni kuwa ina ganin matsalar a gida take. Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin naira ashirin, ba Bature ne ya fara sanin darajarta ba. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ne ya tara tukwanenta a fadarsa, a can wani Bature maginin tukwane mai suna Michael Cardew ya gan su, kafin ta shiga cibiyarsa ta koyon ginin tukwane a garin da yanzu ake kira Suleja a 1954. Ina masu irin wannan ido a cikin attajiranmu na yau? Mutumin da zai biya kuɗi mai tsoka a kan babbar riga mai aska takwas ko kayan doki na hawan sallah, idan ka nuna masa zane sai ya tambaye ka kuɗin fentin da ka kashe. Wasu kuma suna ƙyamar surar mai rai saboda addini, wanda hakan bai shafi irin aikinka ba, tunda zayyana abu ne da kowane gida da aka yi saukar Alƙur'ani ya sani.

Bamako ba ta bakin teku, ba ta kuma kai Legas arziki ba, amma tun 1994 masu ɗaukar hoto na Afirka suke taruwa a can saboda an kafa taro an riƙe shi. Ku masu zane na Kano ku haɗu ku biyar ko shida, ku nemi zaure a Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa, ku tsayar da mako guda a shekara, zai fi kyau a ranakun hawan sallah da baƙi ke cika gari.

Ɗan Ƙofar Mata:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi magana da abokaina biyu a kan shawarar Magini, ɗaya mai sassaƙa ne, ɗayar kuma tana aiki da fata, sun ce za su shiga. Hajiya, yadin nawa ba shi da kauri kamar wanda kuka saba gani, kuma tawadar takan fashe idan an lanƙwasa shi. Shin in shimfiɗa takarda a tsakani kafin in naɗe, kuma wane faɗin bututu ne zai ishi zane uku?