Ɗana Ya Ga Laftanar Kanar, Ya Ce Shi Ma Sai Tuƙin Jirgin Soja

Daga wata uwa (Admin, a sakaya sunana):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekararmu 21 a Amurka, a nan na haifi babban ɗana. Bana ya shiga jami'a yana karatun injiniya. Ko wata bai cika ba ya kira ni wai ya yi rajista da ROTC na sojan sama, shirin nan da ke horar da ɗalibai su gama digiri su fito hafsoshi. Wanda ke jagorantar shirin a makarantarsu wani laftanar kanar ne, matuƙin jirgin dakon kaya C-17, kuma yaron nan ba shi da zance sai nasa: Kanar ya ce, Kanar ya yi. Har askinsa ya koma irin na mutumin. Babansa ya ce ba da yawunsa ba, karatu ya tura shi ba kaki ba. Ni kuma ina tsaka mai wuya, ba na son in karya masa gwiwa, ba na son in sa masa albarka a kan abin da ban san kansa ba. Wanda ya san harkar ya taimaka mini.

Tsohon makanikin jiragen soja, Texas:
Wa alaikumus salam Hajiya. Shekara takwas na yi ina gyaran jirage a rundunar, bari in faɗa miki yadda abin yake. Ki kwantar da hankalinki tukuna, bai zama soja ba. Idan ba ya karɓar tallafin karatunsu, shekara biyun farko ba alkawarin komai a kansa: darasi ne, da motsa jiki da asuba, da sa kaki rana ɗaya a mako. Tsakanin aji biyu da aji uku ake zaɓar waɗanda za su je horon fili a sansanin Maxwell da ke Alabama. Idan ya dawo ya sa hannu, to nan ne bakin alƙalami ya bushe. Mai karɓar tallafi kuwa, nasa alkawarin tun farkon aji biyu yake hawa kansa, in ya janye daga baya ana iya cewa ya biya kuɗin ko ya yi aikin ƙaramin soja.

Ga inda nake so ku tsaya. Hafsa na gama-gari shekara 4 ake binsa. Matuƙin jirgi shekara 10, kuma ba a fara ƙirgawa sai ya gama koyon tuƙi, wanda shi ma yana cin shekara guda ko fiye. Ki lissafa: ya gama jami'a yana 22, ba zai mallaki kansa ba sai ya kusa 34. Ko zuwa Kano ganin kaka sai da izinin gwamnati. Yaro ɗan 18 ba ya jin nauyin wannan lissafin, sai an zaunar da shi.

Maman 'yan biyu, Maryland:
Ni dai gaskiya tsorona ba na jirgi ba ne. Wa za a tura shi ya yaƙa? Kar a manta har 2024 sojan saman Amurka na da sansani a Agadez. Idan aka ce masa tashi, ba zai ce wannan ƙasar ta Musulmi ce ba zan je ba. Ku yi wannan maganar da shi tun yanzu, a gaban malamin da yake jin maganarsa.

Tsohon makanikin jiragen soja, Texas:
Maganarki a kan hanya take, Hajiya, ba a zaɓen inda za a je. Amma ta fuskar ibada akwai limaman soja Musulmi, kuma a 2020 an fayyace hanyar neman izinin gemu da hijabi. Sai dai matuƙi yana ɗaura takunkumin iska a fuska, gemu mai yawa zai ba shi matsala a nan.

Malamin jami'a, Ohio:
Ofishina yana kusa da na irin wannan kanar ɗin a makarantarmu, don haka ina ganinsu. Jami'a tana ɗaukar mai wannan kujera kamar shugaban sashe, har da laƙabin farfesa. Amma abin da ɗanki yake gani ƙarshen tafiya ne. Mutumin ya yi shekaru ana cilla shi daga wannan sansani zuwa wancan, matarsa na ɗaure kaya duk bayan shekara biyu ko uku, 'ya'yansa na sauya makaranta. Da yawansu sukan karɓi aikin jami'a ne sa'ad da suka doshi shekara 20 ta fansho, su huta da yawo. Kuma abin dariyar, yanzu ba jirgi yake tuƙawa ba, takardu yake tuƙawa.

Sannan shiga shirin ba shi ne samun kujerar matuƙi ba. Akwai jarrabawar AFOQT da ake yi wa masu neman zama hafsoshin sojan sama, da gwajin ido da hannu a kwamfuta, da makin karatu, da ƙarfin jiki, kuma shi kanar ɗin da kansa yake jera ɗalibansa daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Wanda ba ya bambance launuka da kyau, likita zai tsayar da shi komai ƙoƙarinsa. Ku tambaye shi: in aka hana ka jirgi aka ba ka ofis, za ka yi shekara 4 ɗin da daɗin rai? Shawarata, ke da Alhaji ku nemi ganin kanar ɗin. Suna karɓar iyaye. Alhaji ya tambaye shi sallar 'ya'yansa nawa... au, Kirsimeti nawa ya yi ba ya gida.

Ƙanwarku, Minnesota:
Anti, ni na yi shekara ɗaya na bari. Ba wanda ya kore ni, tashin ƙarfe biyar cikin ƙanƙara ne ya kore ni. Ku bar shi ya ɗanɗana hunturu ɗaya, in son gaske ne za ku gani. Ku dai ja masa kunne kar ya sa hannu a takardar kuɗi sai kun karanta.

Uwar da ta yi tambaya:
Allah Ya saka da alheri, har na ɗan samu barci jiya. Na karanta wa Alhaji, bai ce komai ba, amma ya tambayi ranar da ofishin kanar ɗin ke buɗe. Saura abu ɗaya: yaron yana da fasfo ɗin Najeriya, da shi muke zuwa gida.

Tsohon makanikin jiragen soja, Texas:
Zai taso wajen binciken tsaro, Hajiya. Za su tambayi tafiye-tafiyensa da danginsa na gida, kuma za su so jin ko a shirye yake ya ajiye koren fasfo. Ya faɗi gaskiya dalla-dalla, ɓoyewa ce ke kayar da mutane. Ku sa wannan a cikin tambayoyin da za ku kai wa kanar.