Kuɗin ƙaramar hukuma: matsuguni, lafiya da baƙi

Da aka zauna kan yadda ƙaramar hukuma za ta raba kuɗinta tsakanin gidaje, lafiya da tallafa wa baƙin da suka yo ƙaura, abin da aka fi nanatawa shi ne a fara da matsuguni. Wanda ke kwana a bakin titi, ko an ba shi maganin tari, ina zai ajiye shi? Jibi zai koma asibiti, kuɗin ya ninka. An kawo misalin ƙasar Finlan, wadda tun 2008 take fara ba marasa gida ɗaki kafin a yi maganar aiki, kuma yawansu ya ragu sosai.

A kan lafiyar baƙi, aka ce kada a nemi takardar izinin zama daga wurin uwa kafin a yi wa ɗanta rigakafin ƙyanda, don cutar ba ta tsayawa gida ɗaya. Wannan kam na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Tafinta ma, mai fassara wa baƙi, a sa albashinsa cikin kasafi.

Gardama ta kaure kan ƙorafin 'yan gari cewa ana fifita baƙi. Shawarar ita ce a baje alƙaluman a fili, a bar mazauna su zaɓi ayyuka, kamar yadda birnin Porto Alegre na Burazil ya fara a 1989.